Sawun Fatake a Gindin Dutsen Taneka

A tashar motocin Jugu da ke Paraku a ƙasar Benin, mai lura zai ga cewa kayan matafiyi sun sauya ƙwarai. Babu sanda a hannun kowa, babu gora a rataye, babu gammo. Guzurin yau waya ce da cajarta, sai ledar ruwan sanyi da za a saya ta taga. Kilomita kusan 135 ne tsakanin garuruwan biyu, kuma direban da motarsa ke da lafiya yakan cinye su cikin awa biyu zuwa uku. Fasinja ya fara gyangyaɗi tun daga Turu, ya buɗe ido a gadar Beteru inda titi ke tsallake kogin Weme, ya sake lumshewa, ya sauka a Jugu takalminsa fes.

Wani abin da ya ɓace tare da sandar shi ne loko. A tsofaffin hanyoyi, ɗan dako ba ya sauke kaya ƙasa in zai huta, domin ɗorawa ta fi ɗauka wuya. Sai ya nemi itace mai gwafa, ya saƙala goshin kayan a ciki, ya tokare gindinsu da sandarsa, ya zame kansa daga ƙarƙashi, ya miƙe wuya. Kowace hanya tana da irin waɗannan itatuwa, ɓawonsu ya yi sulɓi saboda gogar igiya, kuma kowane matafiyi ya san tazarar da ke tsakanin wannan da na gaba. Yau gonakin yazawa da na auduga sun mamaye gefen titi, kuma yaron da aka haifa a unguwar Zongo ta Paraku zai iya girma har ya yi aure bai taɓa ganin yadda ake yin loko ba.

Amma ƙafa ce ta gina garuruwan nan biyu. Ƙarni bayan ƙarni, hanyar Gwanja ta ratsa ƙasar Bargu. Ayari yakan taso daga Kano ko Katsina ko Sakkwato, ya tsallake Kwara a wajen Yawuri ko Busa, ya biyo ta Nikki ko Paraku, ya yada zango a Jugu, sannan ya nausa yamma ta Sansanin Mango da Yandi har kasuwar Salaga, inda goron ƙasar Asante ke jira. Daga arewa ana kai kanwa, da baƙi da turkuɗi, da jan fata, da gabu, da dabbobi. Ana komowa da goro. Tafiya da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci har shekara. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka yi suna a wannan fatauci, kamar yadda masanin tarihi Paul Lovejoy ya bi diddigi a littafin da ya wallafa a 1980 kan ayarin goro.

Girman ayarin ya wuce yadda ɗan yau ke zato. A 1826, Bature mai yawon bincike Hugh Clapperton ya gamu da wani ayarin Hausawa a Kayama yana komowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa maza da mata sun haura dubu, dabbobin dako ma kusan haka. Gari guda ne ke tafiya a kan hanya, da malaminsa, da mahautansa, da masu dafa abinci, da makaɗa.

Kuma garin yana da tsari. Madugu shi ne uban tafiya: shi ke sa ranar tashi bayan malami ya duba, shi ke ciniki da sarakunan hanya kan kuɗin fito da gaisuwa, shi ke raba gardama, shi ke tattara kayan wanda ya rasu don a kai wa magada. Jagaba yana gaba da 'yan rakiyarsa, yana karanta hanya da sawu da hayaƙi, yana zaɓen wurin sauka. Uban dawaki yana taya madugu sha'anin kuɗi da kula da jama'a, magatakarda yana riƙe lissafi. Madugu kansa yakan tsaya can baya, domin a nan ne gurgun jaki da mai zazzaɓi da wadda kayanta suka kwance suke. Wanda ya fi kowa girma a tafiyar shi ne ke shiga zango a ƙarshe.

Ranar fatake tana farawa tun kafin assalatu. A cikin duhu ake ɗaure mangala, ana jin kukan jakuna da ƙarar ƙarfen ƙafa da tarin tsofaffi, hayaƙin ragowar wutar dare yana shiga ido. Ana sallame salla a ɗaga. Raɓa ta jiƙe ƙafa har gwiwa, ciyawa ta tsaga ƙwauri, ƙudan tsando ya bi takarkari. Kafin rana ta take tsaka an so a kai zango, saboda dabba da mutum duk ba sa jure tafiyar azahar da kaya. Da an sauka kowa ya san aikinsa: masu sarar ganye su kafa bukkoki, yara su kai jakuna ruwa, mata su hura wuta, 'yan ƙauyen kusa su fito da doya da dawa da giya da nono suna talla. Masu goro kuma su kwance huhu, su baje shi a inuwa, su tsince mai sankara, su yayyafa ruwa, su sake naɗe shi da ɗanyen ganye. Goro ba ya son iska, ba ya son zafi, kuma wata biyu ko uku zai yi a hanya. Falken da ya yi kasalar duba kayansa kwana kaɗan, a Kano zai gane kurensa.

Jugu wurin hutawa ne na musamman a wannan hanya. Sarki yana zaune a Kilir, 'yan kasuwa Musulmi suna unguwar Wangara, kowa da hurumi. Harshen Dandi ne ya zama harshen ciniki a can da Paraku, har yau kuwa shi ne, amma Hausa ta samu gindin zama a zango da masallaci da makarantar allo. Baƙo yana sauka a gidan fatoma, wanda zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in rigima ta taso. Masaniyar Faransa Denise Brégand ta rubuta littafi a 1998 kan waɗannan iyalan Wangarawa na Bargu, ta nuna yadda auratayya da amana suka ɗinke su da baƙin da suke saukewa.

Duk wanda zai yi begen wannan zamani, ya kamata ya kalli ɗaya fuskar tasa. Cikin masu ɗaukar kayan akwai 'yan alaro da ake biya lada, akwai kuma bayi, maza da mata, waɗanda ba a tambaye su ko suna son tafiyar ba. Wasu ma su ne hajar, a Salaga za a sayar da su. Mahayan Wasangari na Bargu sun shahara da tare ayari, kuma falke bai san ranar da gaisuwar da ya bayar za ta kasa ba. Ƙafa tana fashewa da faso har jini ya fito. Ruwan kududdufi yana kawo kurkunu, mutum ya kwanta wata guda ana naɗe tsutsa a tsinke, ayari kuwa ba ya jiran kowa wata guda. Agana da ciwon barci da gudawa sun binne mutane da yawa a gefen hanyar nan, babu ko alamar kabari. Matar falke a Kano takan yi shekara ba ta san ko ita matar aure ce ko mai takaba ba.

Hanyar ba ta mutu dare ɗaya ba. Ingilishi sun ci Kumasi a 1874, ƙarfin Asante a kan kasuwannin arewa ya raunana. Yaƙin basasa ya wargaza Salaga a 1892, 'yan kasuwa suka watse zuwa Kete-Karachi da wasu garuruwa. A 1894 Baturen Ingila Lugga da jami'an Faransa suka yi tseren isa Nikki don neman sa hannun sarki, kuma yarjejeniyar 1898 ta tsaga Bargu biyu, rabi ga Ingila rabi ga Faransa. Hanyar da a da ta bi ta hannun sarakuna, sai ta koma tana tsallake iyakokin Turawa uku, kowa da kwastansa. Sannan jirgin ruwa ya fara kwaso goro zuwa Ikko, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai shi cikin kwanaki. Wa zai ƙara ba da wata shida ga abin da reluwe ke yi a mako?

A Dahomey kuma, wato Benin ta yau, Faransawa sun juya fuskar ciniki daga gabas da yamma zuwa kudu da arewa. Layin dogo mai tsawon kilomita 438 daga Kwatano ya iso Paraku a 1936, ya tsaya a nan, manyan motoci suka ɗauka daga can zuwa Malanbil da Gaya da cikin Nijar. Dakon kai bai ƙare nan take ba, sai ma ya koma aikin tilas: ana kama ƙarti su ɗauki kayan kumandan, su fasa dutse, su share hanya. Wannan da ɗibar soja ne suka tayar da boren Bio Gera a Bargu a 1916, da na Kaba a duwatsun Atakora wanda aka murƙushe a 1917. Sai a 1946 doka ta soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka. Don haka tsohon da ya fara hawa lori a shekarun nan bai yi kukan rabuwa da gammo ba. Hamdala ya yi.

To, ina tafiyar ƙasa ta koma? Wani ɓangarenta ya hau dutse.

Kimanin kilomita 20 arewa da Jugu, a kan titin Natitingu, akwai garin Kopargo. Daga nan ake barin kwalta a bi jar ƙasa zuwa tsaunukan Taneka, inda ƙauyukan Taneka Beri da Taneka Koko suke maƙale a jikin tudu. Nan ne baƙi daga Turai, da ma'aikata daga Kwatano, da ɗaliban Jami'ar Paraku wadda aka kafa a 2001, ke zuwa yin abin da kakanninsu za su sha mamaki: tafiyar yini guda a ƙasa, ba kaya, ba ciniki, kuma su ne ma ke biyan jagora. A gidajen zango, in jika ya ce gobe zai tafi hawan dutse, kakan yakan dube shi ya ce, "Kai ɗan nema, me ka ajiye a can?" Yaron ya ce, "Motsa jiki ne kawai, Kaka." Tsohon ya girgiza kai, amma kafin a kwanta sai ya kira shi ya ce ya tashi da wuri, ya cika gora tun da dare, kada ya sa sabon takalmi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tsawon dutsen ba shi ne abin tsoro ba. Ƙololuwar Taneka ba ta wuce mita 650 da 'yan kai daga doron teku ba, kuma filin da Jugu ke zaune ya riga ya haura mita 400. Dutsen Sokbaro ma, wanda ke kan iyakar Togo kudu da Jugu, kuma ake lissafa shi mafi tsawo a Benin, mita 658 ne. Wahalar tana cikin rana da nisa da irin ƙasar. Wanda ya zaɓi ya haɗa ƙauyukan da ƙafa, ya hau ƙololuwa, ya gangaro ta wani gefen, yini zai yi cur.

Da sanyin safiyar hunturu tafiyar daɗi gare ta. Hazo ya rufe gindin tudu, iska tana ɗauke da ƙaurin ciyawar da aka ƙone, baƙin toka yana manne wa idon sawu. Ana ratsa kunyoyin doya masu tsayi, da kaɗanya da ɗorawa da kuka, ana gaisawa da mata masu gangarowa da itace. Samari suna hira, suna ɗaukar hoto, wani ma ya kunna kiɗa a waya. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Da hantsi ya dubi ludayi sai hanya ta miƙe sama, tsakuwa ta fara zamewa a ƙarƙashin tafin ƙafa, hira ta ragu. Numfashi ya koma ta baki. Gumi ya bushe kafin ya gangaro, ya bar gishiri a goshi, leɓe ya tsage. Mai gaggawar da ya wuce kowa da farko, shi za a tarar zaune a kan falalen dutse ya dafe cinya, ruwansa ya ƙare tun ba a kai rabi ba.

Jagora ɗan ƙauyen ne, sau da yawa da silifa a ƙafarsa. Takunsa gajere ne, ba ya sauya shi a hawa ko a gangara. Yana aza ƙafa gaba ɗaya a kan dutsen da ya tabbata, ba ya taka na gefe mai motsi, ba ya cusa hannu a kogo saboda kububuwa. Ruwa kurɓa-kurɓa yake sha. In zai huta, a tsaye yake hutawa, cikin inuwa, kuma ba ya daɗewa har jiki ya yi sanyi. Lokaci zuwa lokaci yakan waiwaya ya ƙirga mutanensa, in ya ga wani ya yi baya ya dakatar da kowa. Bai karanta wannan a littafi ba, amma duk falken da ya taɓa bin madugu zai gane shi da kallo ɗaya. Tafiya sannu sannu kwana nesa.

A saman tudun, ƙauyen yana bayyana kwatsam. Ƙananan ɗakuna ne kewayayyu, da jinka mai tsini, wasu an kifa tukunya a ƙoƙuwarsu, rumbuna a tsakaninsu, ganuwar duwatsu tana zagaye da su. Yawancin ƙofofin a rufe suke, domin masu su suna zaune a gonaki can ƙasa, ko a Jugu da Paraku, sai lokacin bukukuwan gargajiya suke dawowa. Baƙo yana fara gaida sarki. Akwai wuraren tsafi da ba a takawa, akwai dattawan da ke kula da su, sanye da fatar akuya, da dogon lofe a baki, kuma ba a ɗaukar su hoto sai da izini. Masanin al'adu ɗan Italiya Marco Aime, wanda ya daɗe yana bincike a nan, ya nuna cewa mutanen Taneka tarin al'ummomi ne dabam-dabam da suka haɗu a kan dutsen suka zama ɗaya.

Abin da ya haɗa su kuwa yana da nauyi a zuciyar Bahaushen da ya san tarihinsa. Tsoron farmakin masu kama bayi ne ya sa mutane suka bar fili mai albarka suka hau inda doki ba ya iya bi. Daga nan sama suke hango ƙura tun tana nesa. Hanyar da ta arzuta zango ita ce ta hana wasu barci. Jikan falke da ya tsaya a kan wannan ƙololuwa yana haki, yana kallon filin da kakanninsa suka ratsa da jakuna, karon farko ke nan da yake ganin hanyar da idon waɗanda suka guje mata. Mota ba ta taɓa kai kowa wannan wuri ba.

Gangarowa ta fi hawa cin jiki. Gwiwa tana rawa, yatsu suna dukan bakin takalmi, rana ta dawo tana dukan ƙeya. A nan ake yawan targaɗe, domin hankali ya riga jiki isa gida. Wanda ya iso gindin tudu da la'asar, ya yi alwala da ruwan rijiya, ya zauna gaban sakwara da miyar gyaɗa da wagashi a Kopargo ko Jugu, zai ji ɗanɗanon da bai taɓa ji ba a abincin da ya saba ci. Jiki magayi. A waɗannan tsaunukan ne kuma kogin Weme ke tsatsowa, ya yi tafiyar kusan kilomita 500 kafin ya kai tafkin Nokuwe kusa da Kwatano, don haka ruwan da fasinja ya tsallake a Beteru yana barci, mai tafiyar ƙasa ya ga inda aka haife shi.

Irin wannan juyi ya faru a wasu ƙasashe tun da daɗewa. A tsaunukan Alps na Turai, hanyoyin da masu yawon shaƙatawa ke bi yau yawancinsu na makiyaya ne da masu dakon gishiri da alfadarai da 'yan sumoga. A da, mazauna wurin ba sa hawa ƙololuwa don nishaɗi. A 1786 ne wani likita, Michel Paccard, da wani mafarauci mai neman duwatsu masu daraja, Jacques Balmat, suka fara kaiwa saman Mont Blanc, mai tsawon sama da mita 4,800. A 1821 jagororin garin Shamoni suka kafa ƙungiyarsu, wadda tana nan har yau. Da reluwe da ramukan ƙarƙashin dutse suka kashe dakon alfadari, sai 'ya'yan masu dakon suka mai da sanin hanya sana'a. Suwizalan kaɗai tana da hanyoyin ƙafa masu alama da suka kai kilomita 65,000, kuma allunansu ba sa faɗin nisa da kilomita, da awa suke faɗa, yadda fatake ke auna hanya da zango. A 2019 hukumar UNESCO ta sa hawan tsaunukan cikin gadon al'adun duniya.

A can, wanda zai yi tafiyar yini mai tsanani yakan haura mita dubu ko fiye, yana tsoron ƙanƙara da tsawar la'asar da ƙarancin iska. A Taneka ƙishirwa ce da zafi. Amma dokokin kusan ɗaya ne: a tashi da asuba, a san yanayin sama, a sanar da na gida inda aka nufa, a bi takun mafi rauni, a juyo in lokaci ya ƙure ko da ana hangen ƙololuwa. Alhazan da suka taɓa hawa Jabalun Nur don ganin kogon Hira sun san yadda ɗan ƙaramin dutse ke tona asirin ƙirji, haka ma duk wanda ya hau Kufena a Zariya da tsakar rana.

Ribar zamani a fili take, kuma ba ƙarama ba ce. Mace mai naƙuda a Partago tana isa asibitin Jugu a kan babur ko mota cikin lokacin da a da ba a gama ɗaure makara ba. Doyar Donga, yankin Jugu, tana kwana a kasuwar Arzeke ta Paraku ko ta Dantokpa a Kwatano. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa kurkunu ya ƙare a Benin. Ba a sayar da mutum a kasuwa. Ɗan kasuwa yana cinikin goro da abokinsa na Kumasi ta waya, kuɗi ya shiga kafin ya gama shan shayi, kuma yana kwana a ɗakinsa.

Asarar kuwa a ɓoye take, shi ya sa ba a cika lissafa ta ba. An rasa sanin ƙasa: wane rafi ne ba ya ƙafewa da bazara, wane ganye ne ke tsai da jini, wane gajimare ne ke kawo ruwa kafin azahar. An rasa ƙauyukan tsakani, waɗanda a da kowane ayari ke kwana a cikinsu ya bar musu labari da kuɗi da surukai, yanzu kuwa ƙura kawai mota ke bar musu. Jiki ma ya biya nasa. A Paraku mutum yakan tsai da zem, wato ɗan acaɓa, don tafiyar da ba ta kai ta zuwa masallacin Juma'a ba, likitoci kuma suna ta fama da hawan jini da ciwon sukari, suna roƙon mutane su yi tafiyar minti 150 a mako kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. Titi yana cin rayuka a haɗarin da fatake ba su sani ba. Gudun fanfalaki da ake shiryawa a Paraku kowace shekara yana tara dubban mutane, alamar cewa ƙafa tana neman haƙƙinta ta wata ƙofar.

Sai dai kada a ce kowa ya huta. Matan da mai hawan dutse ke gaisawa da su da safe, da damin itace ko kwandon ƙwarar kaɗanya a ka, suna yin wannan hanyar kullum, ba hoto, ba jagora. Fulani suna bin shanu daga Bargu zuwa Donga da ƙafa. Yaran ƙauye suna taka kilomitoci zuwa makaranta. Jugu kuma ta yi suna da samarin da ke fita neman arziki, wasu Najeriya, wasu ta Agadas zuwa Aljeriya da Libiya da Turai, kuma a cikin hamada direba yakan sauke mutane ya ce su ƙarasa da ƙafa. Can babu madugun da zai tsaya a baya ya ƙirga su. Tafiyar ƙasa ta zama nishaɗi ne ga wanda ke da zaɓi, ga saura tana nan yadda take.

Tsoron hanya ma ya dawo da sabuwar kama. A watan Mayun 2019 aka sace Faransawa biyu 'yan yawon buɗe ido a gandun dajin Panjari, aka kashe jagoransu ɗan Benin, kuma daga ƙarshen 2021 hare-haren 'yan bindiga sun yawaita a iyakar Benin da Burkina Faso da Nijar. Baƙi sun ragu a arewacin Benin, har a wuraren da ke nesa da rikicin, kuma jagorori da masu masauki ne suka fara jin jiki. Wannan ya zo daidai lokacin da UNESCO ta faɗaɗa yankin Kutammaku a 2023 ya haɗa da gidajen ƙasa masu bene na wajen Bukumbe, abin da aka yi fatan zai jawo masu tafiyar ƙafa zuwa Atakora.

Saboda haka makomar hanyoyin nan tana hannun 'yan gida. Ɗalibin Paraku ko ɗan tireda na Jugu ba ya bukatar biza kafin ya hau Taneka, kuɗin mota zuwa Kopargo da ladan jagora kawai yake nema, kuma wannan ladan a ƙauyen zai zauna. Akwai aikin da ya fi hawan ma gaggawa. A zangon Jugu da na Paraku har yanzu da sauran dattawa 'yan shekara tamanin da suka ji sunayen masaukan hanyar Gwanja daga bakin kakanninsu, a Taneka kuma akwai takwarorinsu da suka ji labarin ranakun da aka kwana a kan dutse ana gadi. Malaman tarihi na jami'a da makarantun sakandare na Donga da Bargu za su iya tura ɗalibai su naɗi maganar ɓangarorin biyu da wayoyin da ke aljihunsu, sannan su taka hanyar zango bayan zango a lokacin hunturu, su sa alama a rijiyoyi da mashigai da tsofaffin kasuwanni, tun gonakin yazawa ba su gama shafe su ba.